Saniyar da Aka Mayar Kafin Ta Haihu

Duk sa'adda na ji a rediyo ana cewa wata jam'iyya tana zawarcin sanatocin wata, sai in ajiye abin da ke hannuna in kasa kunne. Jikoki suna mani dariya, wai Hajiya ta shiga siyasa da tsufa. Ni ban taɓa shiga siyasa ba. A zamaninmu mata ko ƙuri'a ba su jefawa, ni kuwa ko da ana jefawa ba mai son fita ba ce. Ita siyasar ce ta biyo ni har tsakar gidana a Dutsin-Ma, ta kwance mani saniya daga turke.

Maigidana, Allah shi jiƙan shi, fataken hatsi ne su tun kaka da kakanni. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ban faɗe shi yana raye ba balle yanzu. Malam nake ce mashi. Gero da dawa yake saye a ƙauyukan Makera da Kutawa, ya ɗoro wa jakuna ya kawo kasuwa. Yana da mutane da yawa, amma amini guda gare shi, wani Bafulatani dogo siriri daga wata ruga kusa da Ɗantutture, ta wajen Kurfi. 'Ya'yana Baffa suke ce mashi, ni ma na bi bakinsu. Shi kuwa bai taɓa kiran Malam da komai ba sai Kaɗo, sunan da Fulani ke tsokanar Hausawa da shi. Ni kuma matar Kaɗo. Tun daga bakin zaure za ka ji shi: "Kaɗo yana ciki, ko ya tafi cutar bayin Allah da tiyarsa mai lanƙwasasshen gindi?" Malam ya amsa daga ɗaki: "Shigo, mai sirka nono da ruwan rijiya." Su yi ta yi har fura ta ƙare.

Wata shekara, ana sauran kaɗan Turawa su tafi, gobara ta tashi a unguwarmu ta cinye rumbunan Malam ƙurmus. Jarinsa ke nan gaba ɗaya. Mutane suka yi ta zuwa jaje, kowa da abin da Allah ya hore mashi. Baffa bai zo da wuri ba, har na fara ƙorafi a raina. Sai ga shi wata safiya da hantsi, yana jaye da 'yar karsana fara mai jan kunne, wadda ba ta daɗe da barin nono ba. Bai yi dogon jaje ba. Ya nemi itace ya kafa turke a gindin bishiyar darbejiyarmu, ya ɗaure ta.

"Habbanaye ce," in ji shi. "Matar Kaɗo, ke zan gaya wa, don shi mijinki in ba buhu ba bai san komai ba."

Ya zaunar da ni ya yi mani bayani. Saniyar aro ce, amma ba irin aron turmi ko tsani ba. In Bafulatani ya ga amininsa ya faɗi, yakan zaɓi karsana daga cikin waɗanda ya fi so ya kai mashi. Za ta zauna a hannunsa ta girma, ta haihu, ta sake haihuwa. Nono nasa, 'ya'yan nasa, da su zai tashi. Ba a dukanta, ba a sayar da ita, ba a yanka ta ko da yunwa za ta kashe gida. Mai ita kuma ba ya buɗe baki ya ce a ba shi abinsa. Sai ta bar maka garke, sannan ka mayar da uwar da ƙafarka, a yi murna.

Na ce, "To Baffa, ni da ban iya tatsa ba?"

Ya ce, "Kafin ta haihu kin koya. Ko biri ana koya mashi."

Haka kuwa aka yi. Matarsa, wadda yara ke ce wa Goggo, duk ranar da ta kawo tallan nono Dutsin-Ma sai ta biyo ta gidana, ta kama yatsuna tana nuna mani yadda ake matsawa a ja, tana dariya wai hannuna na tuƙin tuwo ne. Har ƙwarya sabuwa na saya na rataye a ɗaki, na ce ba abin da zai shiga cikinta sai farkon madarar jan kunne. Ni ke ba ta dusa da harawa, ni ke kai mata ruwan kanwa. In na fito da safe ita ke fara gaishe ni kafin 'ya'yana.

A cikin waɗannan shekaru ne siyasa ta yi zafi. Jam'iyyu biyu muka sani. Akwai ta manya, wadda ke riƙe da gwamnati, akwai ta talakawa, wadda 'ya'yanta ke shan ɗauri. Malam ya shiga ta talakawa, kuma Allah ya yi mashi baki. In ya hau kan buhu a kasuwa yana magana, masu ƙosai sukan bar mai ya ƙone. Baffa ba mai magana ba ne, amma da aka tsayar da Malam takara shi ya bi rugage ɗaya bayan ɗaya yana cewa a jefa wa Kaɗonsa ƙuri'a. Abin da ke cin ran Fulani a lokacin shi ne jangali, da kuma burtalin shanu da wasu masu ƙarfi suka nome har ya toshe hanyar mashaya. A kan wannan aka kama ƙanin Baffa, wai ya halarci taro ba da izini ba, aka kai shi gidan yari. Da zaɓe ya zo, abin mamaki, Malam ya ci. Ya zama ɗan majalisa a Kaduna.

Na yi murna kamar kowa, amma murnar ba ta daɗe ba. Duk zuwan da zai yi gida sai in ga ya ƙara ramewa. Ya ce mani su 'yan kaɗan ne a gefe guda, in ya miƙe zai yi maganar burtali sai a yi ta buga tebur ana shewa har ya zauna.

Sai Alhaji ya fara zuwa.

Alhaji babba ne a jam'iyyar manya, mai mota, mai ƙamshin turare. Lokacin gobararmu ko jaje bai aiko ba. Yanzu kuwa bayan la'asar sai a ji motarsa ta tsaya a ƙofar gida, yara su kewaye ta. A bangon zaurenmu akwai wata 'yar taga ta sama, ni kuma a bayanta nake zama in tsinci wake. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita.

"Onarabul, ranka shi daɗe," haka yake farawa. "Wallahi jiya manya suna ta zancenka. Sun ce bakin nan naka asara ne a inda yake. Zuma ce a cikin fasasshen tulu."

"Tulun nawa ne dai, Alhaji."

"Naka ne, wa ya musa? Amma ai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, mu kuwa yawan namu ne, ƙarfin ma namu ne. Ka tsallako kawai. Kujera ce za ka sake, ba addini ba."

Malam ya yi dariya ya ce a kawo wa baƙo fura. Alhaji ya sha, ya yaba, ya ce ko a Kaduna ba a dama irinta. Ƙarya yake, ranar ma gero bai daku ba.

Ya zo da zancen mota, Malam ya ce jakinsa bai yi ƙorafi ba. Ya zo da zancen kujerar Makka, Malam ya ce in Allah ya kira shi zai amsa. Ya aiko da atamfofi wai na uwargida, aka mayar, ina kallo raina yana bin su, ba zan yi ƙarya ba. Haka aka yi ta yi, har na saba da ƙarar motar kamar kiran sallah. Ran nan sai na ji ya sassauta murya, na daina tsintar waken.

"Yaron nan, ƙanin amininka na Ɗantutture. An ce mani tari yake a gidan yari, har da jini."

Alhaji ya ci gaba.

"Damina ta kusa, ka san yadda ɗakunan nan suke da sanyi. Ni abin yana damuna, wallahi. Da kai namu ne, ai magana ɗaya ce, gobe ya kwana a rugarsu. Burtalin ma a buɗe. Amma yanzu in na je na roƙa, sai a ce mani, don wa?"

Da ya tafi, Malam ya shigo tsakar gida ya tsaya a gaban jan kunne, wadda a lokacin ta zama saniya sosai, tana ɗauke da cikinta na fari. Ya daɗe yana shafa wuyanta. Ya ce, "Kin ji?" Na ce na ji. Ya ce, "In na ƙi, yaron ya mutu, da bakina na kashe shi. In na yarda, na ci amanar duk wanda ya jefa mani." Na ce ya je ya yi shawara da Baffa. Ya ce Baffa zai ce a bar yaron ga Allah, shi kuwa ba zai iya jin haka ba.

Ranar kasuwa aka yi abin. Ban je ba, amma lasifika ta kawo mani komai har murhu. Aka sa wa Malam sabuwar rigar jam'iyyar manya a gaban jama'a, aka ɗaga hannunsa, maroƙa suna kirari. Daga ranar kwanonin abinci da maƙwabta ke aiko mana da magariba suka ragu, nawa kuma in na aika sai a dawo da shi yadda ya je, ko murfin ba a ɗaga ba. Wani tsoho da ya taɓa shan bulala saboda Malam ya tofa yawu a ƙofar gidanmu. Ƙanin Baffa kuwa an sake shi, wannan alkawarin dai Alhaji ya cika shi.

Bayan 'yan kwanaki, Malam ya tafi Katsina da sababbin mutanensa, sai na ji sallama da hantsi. Baffa ne. Ba tsokana, ba Kaɗo yana ciki. Na shimfiɗa mashi tabarma bai zauna ba, ya wuce wajen saniyar. Ya duba idonta, ya ɗaga kofatonta, ya sa tafin hannu a cikinta ya yi shiru kamar mai sauraro.

"Matar Kaɗo, ki rage mata dusa. Ta yi ƙiba, haihuwa za ta ba ta wuya. Kafin a yanke gero za ta sauka."

Na ce, "Baffa, ka ji abin da ya faru?"

"Kunnena bai toshe ba."

"Don ƙaninka ya yi."

"Na sani. Shi ya sa abin ya fi ciwo." Ya jingina da sandarsa. "Ba zan ɓoye maki ba, raina ya ɓaci. Rugagen da na bi ina roƙo, yanzu in na wuce sai a ce ga dillalin Kaɗo nan. Ban iya haɗa ido da shi yanzu ba, shi ya sa na zo da na ji ba ya nan. Amma riga ce ya sake. In ta haihu ki aiko mani, in zo in ga ko maraƙin ya ɗauko kunnen uwar."

Ya kwance igiyar da na ɗaure, ya ce ɗaurin Hausawa ne wannan, ya sake ɗaure ta a turken da irin nasu ƙullin. Ya tafi ko ruwa bai sha ba. Ni kuwa sai na ji sanyi a raina. Mutumin da ya zo ya ƙara ƙulla igiya ai bai zo yanke zumunci ba.

Da Malam ya dawo na ba shi labari tiryan-tiryan, har da inda Baffa ya tsaya ya numfasa. Ina jira in ga fuskarsa ta saki, sai na ga ta ƙara duhu.

"Ya zo duba dukiyarsa ke nan," in ji shi.

"Malam, cewa ya yi in ta haihu a aika mashi."

"Ke baki kika ji, ni ciki na sani. Bafulatani ne, kunya ba za ta bar shi ya ce ba ni abina ba. Ya zo ba na nan, ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa, ya duba ta daga kai har kofato. Mi kike so ya ƙara yi?"

"Ya ƙara ɗaure ta fa."

"Mu a gidanmu," ya ce, "in ka ɓata wa abokin hulɗa, abu na farko ka mayar mashi da kayansa cif, har ka ɗora wani abu a kai. Haka tsohona ya koya mani. Ba za a ce na ci amanarsa a siyasa, kuma ina shan nonon saniyarsa ba."

Na tuna mashi abin da Baffa ya faɗa ranar farko, cewa sai ta haihu ta sake haihuwa. Ya ce wannan dokar zaman lafiya ce. Na yi kuka, ya ce mata ba su san sha'anin maza ba. Kuma wallahi ba girman kai ba ne. Shi a ganinsa mutunta Baffa zai yi, ya hana kansa abin da ya fi so don ya nuna ya san ya yi laifi.

Alhaji yana jin zancen ya ce ai ba a wahal da saniya mai ciki da tafiyar ƙasa, ga motar jam'iyya nan zaune. Da safe akori-kura ta zo, tutarsu tana kaɗawa a gaba, lasifika ɗaure a sama. Malam ya sa aka loda buhunan gero da na kanwa. Jan kunne ta ƙi hawa, ta turje, tana waiwayena tana kuka. Ƙarti suka taru suka cicciɓe ta. Ƙullin Baffa ya gagare su kwancewa, sai da suka sa wuƙa. Guntun igiyar ya rage a jikin turken. Malam da kansa bai bi su ba, ya ce ba shi da fuskar zuwa.

Kafin azahar motar ta dawo da buhunan duka. Direban ya ce Bafulatanin ya karɓi saniyar, ya ƙi hatsin.

"Mi ya ce?" Malam ya tambaya.

"Cewa ya yi a gaya maka ta iso."

Daga nan Baffa bai sake taka gidanmu ba, Goggo ma ta sake hanyar tallanta. Wata rana Malam ya dawo daga kasuwar Kurfi ya zauna a bakin turken bai cire takalmi ba. Na tambaye shi lafiya. Ya ce sun haɗu. Na ce ya yi maka faɗa? Ya ce ina ma. Baffa ya rusuna mashi ne a gaban mutane, ya ce, "Ranka shi daɗe, Onarabul," ya wuce.

Sauran labarin siyasar gajere ne. Burtalin an buɗe shi damina ɗaya, aka sake nome shi. Da wani zaɓen ya zo, jam'iyyar manya ba ta tsayar da Malam ba, surukin Alhaji ta tsayar, motar kuma ta daina tsayawa a ƙofarmu. Ba a jima ba sojoji suka karɓi mulki, aka ce babu sauran jam'iyya, ta manya da ta talakawa duka. Malam ya koma kan tiyarsa. Na ce mashi, to abin da ya raba ku ya mutu, ka je mana. Sau da yawa yakan sa riga, ya sayi goro, ya kai zaure, sai ya zauna. In na leƙo ya ce, "Da wace fuska?" Goron ya bushe a aljihu.

Da wata damina aka aiko mana Baffa ya rasu. Wannan karon Malam bai tsaya a zaure ba, ni ma na yafa mayafi na bi shi. Maza suna waje ana addu'a, ni ina cikin bukka da Goggo. Ta tsufa ƙwarai. Muka yi kuka, sannan ta fara magana tana kallon ƙasa.

"Ranar da motar nan ta zo, duk ruga an fito. Ga tuta, ga lasifika. Mutane suna cewa ga ladan dillalin ya iso. Wannan bai dame shi ba, ya saba. Da ya ga saniyar ce, da cikinta, sai ya zauna a ƙasa. Ban taɓa ganin ya zauna a ƙasa gaban mutane ba. A wurinmu, matar Kaɗo, in ka mayar da habbanaye ba ta haihu ba, cewa ka yi ba ka bukatar mutumin, ba ka son komai nasa ya haihu a gidanka. Ko maƙiyi ba a yi wa haka."

Na ce, "Goggo, shi fa girmama shi ya yi nufi."

"Daga baya ya yi wannan tunanin. Ya ce Kaɗo ne, wataƙila bai sani ba, in bai sani ba zai zo. Duk ranar kasuwar Dutsin-Ma yakan zauna a bakin hanya har yamma."

Ta kama hannuna ta fitar da ni bayan bukka. Saniyar da muka mayar ta mutu tuni. Amma ga wata saniya fara mai jan kunne a ɗaure ita kaɗai, da maraƙi a gefenta.

"Ita ce ke cikin cikin nan. A turkenku aka yi cikinta, taku ce. Shekarar da muka sayar da shanu saboda fari ya hana a taɓa ta. Nononta ma ba ma sha, sadaka muke bayarwa."

Aka kira Malam. Goggo ta maimaita mashi daga bayan zana. Ya tsaya yana kallon saniyar. Ƙanin Baffa, wanda aka fitar daga gidan yari, ya ce bari a nemo mota a Kurfi. Malam ya ɗaga hannu ya ce a'a.

Da ƙafa ya koro ta, tun daga Ɗantutture har Dutsin-Ma, cikin taɓo, mutumin da in ba jaki ba bai taɓa korar ko akuya ba. Ni aka sa ni a motar kasuwa na riga shi isowa. Sai gab da magariba ya shigo, rigarsa duk laka, takalmi ɗaya a hannu, maraƙin yana biye. Turken yana nan, ban taɓa bari an cire shi ba. Ya yi ta ƙoƙarin yin irin ƙullin Baffa yana duba guntun tsohuwar igiyar, bai iya ba, ya ɗaure ta da ɗaurin buhu.

Da safe na sauko da ƙwaryar nan, na wanke ƙurar shekaru, na tsuguna na tatsa yadda Goggo ta koya mani. Na kai mashi. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallon kumfar, ya miƙo mani ya ce in ba yara. Har ya koma ga Allah bai taɓa kai nonon saniyar nan bakinsa ba, amma shi ke ba ta harawa kullum, kuma shi ke rage mata dusa in ta ɗauki ciki.